Taɓarya Biyu a Jikin Bango

Talata, bayan la'asar

Matan Tunga sun iso. A-kori-kura ɗaya ta kwaso su, su da yara da tabarmi da tukwane. Tun hantsi nake tsaye a bakin titinmu na Arkilla kamar mai tallan rake. Na san Inna ba ta cikinsu, tun ranar Lahadi Kawu Mode ya faɗa mini a waya, amma sai da na bi fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya, har gaban motar na leƙa.

Abin haushi abin dariya: sun bar awaki, sun bar kaji, sun bar gadaje, amma Gwaggo Maimunatu ta sa an ɗoro turmi da taɓare. Ita ce uwar ƙungiyar matan ƙauyenmu tun ina yarinya. Na ce, "Gwaggo, a birnin nan wa zai bar ku ku yi daka? Ga inji can bayan masallaci."

Ta ce, "Mariyatu, mu ba inji munka sani ba. Amshi wagga, ta uwakki ta."

Ta miƙo mini taɓarya. Ta itacen ƙirya ce, tsakiyarta ta rame ta yi santsi daidai inda hannun Inna yake kamawa. Na riƙe ta a bakin titi, mutane suna wucewa a keke suna kallona.

Hajiya Khaula, matar Malam Sharifuddeen da muke katanga ɗaya da su, ta buɗe musu ɗakunan bayan gidanta. Allah ya saka mata. Namu ɗaki biyu ne da falo, ina za mu zuba su.

Laraba, da hantsi

Ban je makaranta ba. Na aika wa hedimasta cewa ba ni da lafiya, kuma ba ƙarya na yi ba.

Ko da na shiga wajensu har sun share tsakar gida, sun kafa turmi a gindin dogonyaro. Ƙungiyar nan ta girme ni. Su ne masu dakan biki da na suna da na rasuwa, su ne masu soya ƙuli-ƙuli a kai kasuwa, in mace ta haihu su ne za su raba kwanakin wankan jego a tsakaninsu. Kowace da taɓaryarta, a ɗakinta take ajiyewa. In mace ta yi tafiya ko ta kwanta ciwo, sai a ɗauko tata a jingina ta a tsaye kusa da turmi, kuma duk ranar da aka yi fura a dunƙula mata rabonta a kai wa mutanen gidanta. In ta rasu, sai a kwantar da taɓaryar a ƙasa. Daga ranar babu mai sake dunƙula mata.

Da ina kwalejin horon malamai nakan tsokani Inna in ce wannan ai camfi ne. Sai ta ce, "Awo, camfi na. Sha hurakki ki ba ni ƙwaryata."

Yau biyu ne a tsaye a jikin bango, ta Inna da ta Iyatu aminiyarta. Ranar Lahadi su ne layi ya zo kansu na kai fura gidan rasuwa a ƙauyen gaba. Da safe suka fita. An tsinci ƙwaryar a hanya, faifan yana gefe. Washegari gari ya watse don tsoron 'yan bindiga. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Alhamis, da azahar

Wayar Inna a kashe. Taɓarya tana tsaye.

Asabar, da safe

Tun assalatu suka kama daka. Kafin gari ya gama wayewa sai ga Abdulrazak na gidan da ke kallon namu, cikin jallabiya, ido jajur. Ya gaya wa maigidana Hayatu shi bai ƙi baƙi ba, Allah ya gani, amma ya zaci katanga ake rushewa. Hayatu ya je ya isar da saƙo cikin ladabi. Gwaggo ta ce, "Shi wane irin mutum na da rana ka ishewa kwance?" An dai shirya, ba za su fara ba sai ma'aikata sun fita.

Ni ba ƙarar ce ta dame ni ba, dakan ne ya zama gurgu. Tun tasowata su uku ne a kan babban turmi, Gwaggo da Inna da Iyatu. Inna takan cilla taɓarya sama ta tafa sau biyu ta cafe, Iyatu ta shigo a bayanta ba tare da ta kalle ta ba. Daga rijiya za ka ji ka san su ne. Yanzu Gwaggo ce da yara biyu, sai karo suke yi, tana ta zaginsu. Na toshe kunnena da filo kamar Abdulrazak.

Da yamma Jamila ta shigo, surukar Iyatu, matar Ja'afar. Cikinta ya tsufa, da ƙyar take tafiya. Ta ajiye mini dunƙulen fura a ɗan faifai ta ce, "Na Inna Kulu na. Anka ce in kawo maki." Na Iyatu ita ake ba. Na Inna kuwa ni kaɗai ce mutanen gidanta, tunda Baba ya rasu.

Ban iya damawa ba. Na ƙulle shi a leda na sa a firiza. In ta dawo ta sha abinta.

Litinin, bayan la'asar

Na koma makaranta. Na rubuta jimla a allo na juyo na manta me zan ce a kanta. 'Yan aji huɗu suna ta kallona, wata ta ce, "Malama, alli ya faɗi."

Kawu Mode ya zo ya tafi. Shi da Hayatu da Ja'afar sai su tsaya a ƙofar gida su rage murya, in na fito su kama zancen zafin gari. Sakkwato a watan nan wa bai san da zafi ba da za a tsaya ana ba da labarinsa? Ba na tambaya. Ina tsoron su amsa.

Talata, da yamma

A kashe. Tana tsaye. Dunƙule ya shiga firiza.

Alhamis, bayan azahar

Yau na yi rashin kunya.

Matan da Hajiya Khaula take karantarwa za su zo da kayan sawa da hatsi su ba su Gwaggo. Hajiya mace ce mai son tsaf, ta shiga bayan gida da kanta tana gyare-gyare alhali matan suna ɗaki suna ɓarzar gyaɗa. Ta ga itace biyu masu nauyi a jingine, ga yara suna guje-guje. Sai ta ɗauke su ta shimfiɗe a gindin bango.

Ina tsakar gidana ina wanki na ji kururuwa. Jamila ce ta fara gani. Ban san yadda na fita ba, ba takalmi, kumfa har gwiwar hannu. Na tarar mata sun yi cirko-cirko, wasu sun ɗora hannu a ka, babu wadda ta iya matsawa. Ga ta Inna a kwance cikin ƙasa.

Na ɗaga ta na tsayar, na tsayar da ta Iyatu. Sannan na juya kan Hajiya, matar da ta ba mu ɗakuna ba ta nemi ko na gode ba. Na ce wa ya aike ta, na ce in gidanta take so mu bar mata ta faɗa. Na faɗi wasu ma da ba zan rubuta ba.

Ba ta tanka ba sai da Gwaggo ta yi mata bayani. Sannan ta ce, "Wallahi ban sani ba. Amma Mariyatu, ke malama ce. Rai a hannun Allah yake, ba a jikin itace ba."

Na sani. Wa zai koya mini wannan? Ni ce mai cewa camfi. Amma da na gan ta a ƙasa ƙafafuna ba su tsaya tambayar ilimina ba.

Juma'a, da hantsi

Na je na durƙusa na ba Hajiya haƙuri. Ta ce, "Tashi, ɗiyata, ni ma a da ina da uwa."

Da na zaga baya sai na ga ta sa an kawo igiya, an ɗaure taɓaren biyu a tsaye a jikin ƙarfen taga, ƙulli a kan ƙulli, don kada yaro ko iska ta kayar da su. Ba ta fasa cewa camfi ne ba. Ita ce dai ta ɗaure.

Na fi jin kunyar igiyar nan a kan maganar da na faɗa mata.

Lahadi, da yamma

An ɗauke wuta tun jiya. Hayatu ya buɗe firiza ya ga ledojin, ya rufe. Can sai ga shi da ƙanƙara a buhu a bayan babur. Mutumin nan ba ya iya lallashi da baki ko kaɗan, shekara nawa ina mita a kan haka. Yau ban yi mita ba.

Laraba, bayan magariba

Jamila ta sauka, mace. A asibiti aka karɓi haihuwar, cikin mutanen da ba ta sani ba. Inna ce ungozomar Tunga, ita ta yanke cibiyar Ja'afar da rabin matan da ke bayan gidan Hajiya. Jamila tana naƙuda tana cewa, "Inna Kulu ta ce ita za ta amshe ta, ta yi mani alkawali." Ma'aikaciyar ta tambaye ni wace ce wannan da take kira. Na ce wata ce tana hanya.

Ƙungiya ta tashi tsaye kamar a gida. An raba kwanaki, wannan ta hura wutar ruwan wanka, wannan ta dama kunun kanwa, Hajiya ta ba da katuwar tukunyarta ta Sallah. Har waƙa na ji suna yi ƙasa-ƙasa. Na ji haushin waƙar, sannan na ji haushin kaina.

Asabar

Ban kira wayar ba yau. Na gaji da muryar matar nan mai cewa a kashe take.

Laraba, da la'asar

An yi suna. Hauwa'u aka sa. Sunan Inna na yanka ke nan, Kulu kiranta ne kawai.

Da mai shela ya faɗa, mata suka rangaɗa guɗa. Na ja Gwaggo gefe na ce, "Me ya sa ba a sa Iyatu ba, ita da jikarta? Ko kun riga kun yanke ne ba ku gaya mini ba?"

Ta ce, "Ke dai akwai hwaɗa, kamar uwakki. Ba a yi ma mai rai takwara? Ja'afar na ya ce ita tay yanke mashi cibi, ita za a yi ma."

Aka miƙo mini jaririyar. Ba zan iya kiran sunan ba, sai na ce, "Inna, sannu da zuwa." Da na ji abin da bakina ya faɗa na miƙa ta na shige banɗaki.

Ragon, Malam Sharifuddeen ne ya bayar. An yi tuwo, an yi fura, an ci an sha. Dunƙule biyu aka ware kamar kullum.

Juma'a, da yamma

Ranar zaman ƙungiya. A gida gindin tsamiya suke yi, a nan gindin dogonyaro. Ni ba 'yar ƙungiya ba ce, amma Gwaggo ta ce in zauna a madadin Inna.

Matan unguwa sun gano furar daka ta fi ta inji, yanzu layi ake yi a ƙofar Hajiya. Har Abdulrazak mai cewa ana rushe katanga yana aikowa da kwano. Gwaggo ta ce a ƙara masa yaji ya farka da wuri. Aka yi dariya, ni ma na yi.

Sai wata tsohuwa, ba zan rubuta sunanta ba don ina jin nauyinta, ta ce ita dai a ganinta kwanaki sun ja, ko a daka 'yar gumba a raba sadaka, ko ba don komai ba. Gumba a garinmu ta mamaci ce, kowa ya sani.

Na miƙe. Na ce duk wadda ta jiƙa gero da sunan gumba a gidan nan, ni da ita ne. Na ce uwata ba ta mutu ba, ga taɓaryarta can ku duba. Gwaggo ta ce, "Ba mai daka gumba. Zamna."

Na zauna. Tsohuwar tana ta share ido da bakin zane. Tare suka yi 'yanmatanci da Inna.

Litinin, da hantsi

Ruwan farko ya sauka jiya da la'asar. Matan duk suka fito tsakar gida suka tsaya suna shaƙar ƙamshin ƙasa. Wata ta ce yanzu da a gida ne gobe kowa yana gona. Wata ta ce, "Wa za ya shuka ma Kulu gyaɗatta?" Aka harare ta.

Na fita cikin ruwan na lulluɓe taɓaren da buhu. A inda Inna take ko akwai abin da za ta fake, ban sani ba. Ƙafarta ta hagu ba ta son sanyi.

Laraba

Tana tsaye.

Alhamis

Tana tsaye. Firiza ta kusa cika, na kwashe naman Hayatu na kai wa Hajiya ajiya.

Asabar, da azahar

Kawu Mode ya kira, amma Hayatu ya kira ba ni ba. Hayatu ya shigo ya tsaya a bakin ƙofar kicin ya ce, "Kawu yana tafe gobe. Da Iyatu."

Na ce, "Alhamdu lillahi." Na jira. Ya ce Kawu ya ce a bakin wani gari aka tsince ta, kuma tun da aka same ta ba ta yi wa kowa magana ba, ko shi. Babu wanda ya san komai. Ya rantse mini babu wanda ya sani.

Ai ana sakin mutane ɗaya bayan ɗaya, na sha ji. Wataƙila Iyatu suka fara saki don ta fi tsufa. Wataƙila Inna ce ma ta ce a fara da ita, halinta ne, ko a layin rijiya haka take yi.

Na wanke zanen gado na shimfiɗa a ɗakin yara. Na sayo man zafi na ƙafa.

Lahadi, bayan la'asar

Zan rubuta yadda aka yi, don in na bari gobe ba zan iya ba.

Da azahar suka iso. Kawu ne ya riƙo ta daga mota. Iyatu mace ce mai jiki, mai dariya har da buga cinya. Wadda ta sauko ban gane ta ba sai da na ga tsagen fuskarta. Ƙafafunta a naɗe da tsumma. Mata suka yi kanta da guɗa da kuka, Ja'afar ya durƙusa ya riƙe gwiwarta, Jamila ta miƙo mata jaririya. Ta kalli yarinyar, aka ce mata Hauwa'u ce. Ta rufe ido.

Ni ina baya. Na shirya tambayata tun jiya amma na kasa matsawa.

Aka shimfiɗa mata tabarma, ta ƙi zama. Aka kawo ruwa, ta ƙi. Idonta yana yawo a tsakar gidan har ya sauka a jikin taga. Ta zame hannunta daga na Kawu ta nufi can, tana jan ƙafa. Guɗar ta mutu.

Ta kama igiyar Hajiya za ta kwance. Ruwa ya jiƙa ƙullin ya bushe, ya yi tauri. Ta daɗe tana fama. Babu wanda ya je ya taya ta, ni kuwa ina roƙon Allah a raina kada ya kwance. Hajiya ce ta tako a hankali ta sa hannu ta warware mata, ta koma gefe tana kuka.

Iyatu ta ɗauki tata ta jingina a gefe. Na ce a raina shi ke nan, tata ta zo ɗauka, za ta kai ɗaki.

Sai ta ɗauki ta Inna da hannu biyu. Ta shafa wurin nan mai santsi. Ta durƙusa da ƙyar ta kwantar da ita a gindin bango, a hankali, yadda ake kwantar da jariri.

Wannan karon ban je na ɗaga ba.

Ta juyo ta neme ni cikin mutane har ta same ni. Muryarta ta dushe, sai da na matso na ji. Ta ce, "Da hannuna nir ruhe ta, Mariyatu. Na juya ta gabas."

Na ce, "Na gode, Iya." Ban san me ya sa wannan ne ya fito ba.

Litinin

Mutane. Tabarmi har waje. Malam ya yi addu'a. Babu makara, babu inda zan je in tsaya.

Talata, da hantsi

An daka gumba. Ni na auno geron, ni na kai wa tsohuwar nan na ce ita za ta jiƙa. Tun assalatu aka fara, Abdulrazak bai fito ba, sai matarsa ce ta shigo da sukari.

Na kwashe ledojin firiza duka. Gwaggo ta ce babu abin da suka yi, a dama da nono a ba masu zuwa gaisuwa, rabonta ne, ladan ya je mata. Na ga mutanen da ba su taɓa ganin Inna ba suna shan furarta suna cewa ta yi daɗi.

Gwaggo ta ce in an yi arba'in taɓaryar tawa ce, haka ake yi, ɗiya ke ɗauka. Na nuna mata tafin hannuna, alli kaɗai ya sani. Ta ce, "Za shi koya."

Alhamis, da yamma

Sun koma yin fura yau, masu kwano sun dame su. Na shiga na zauna kusa da Gwaggo tana dunƙulawa tana jerawa a ƙwarya, tana ba ni labarin wata akuya da ta bari a gida. Iyatu tana gefe da jikarta a cinya.

Hannun Gwaggo ya dunƙula ɗaya ya ajiye shi daban a kan ɗan faifan nan, ita ba ta ma lura ba, tana ta zancen akuya. Sai ta gani. Ta kalle ni, na kalle ta.

Ta ɗauke shi ta mayar cikin ƙwarya tare da sauran. Na dawo gida da hannuna haka nan.